Yaƙin Fitilu: Nazarin Zanen Joseph Stella na Daren Biki a Coney Island

1.0 Gabatarwa

A wani dare cikin watan Satumba na shekarar 1913, wani mai zane ɗan asalin ƙasar Italiya mai suna Joseph Stella ya hau motar safa zuwa Coney Island, wata unguwar shaƙatawa da ke bakin teku a kudancin Brooklyn, cikin birnin New York na ƙasar Amurka. Ya tarar ana tsakiyar bikin da akan yi kowace shekara don rufe lokacin wasanni. Tituna sun cika maƙil da jama'a, fitilun lantarki kuma sun mai da dare tamkar rana. Abin da ya gani a wannan dare shi ya zama tushen wani babban zane da ya kammala a farkon shekarar 1914, ya kuma raɗa masa suna da Ingilishi Battle of Lights, Coney Island, Mardi Gras, ma'ana "Yaƙin Fitilu a Coney Island Lokacin Bikin Mardi Gras". A yau zanen yana ajiye a gidan adana zane-zane na Jami'ar Yale, kuma masana suna lasafta shi cikin manyan zane-zanen farko na sabon salon zamani da aka yi a Amurka.

Duk wanda ya tsaya gaban zanen karo na farko, tambayar da takan fara zo masa ita ce: ina mutanen suke? An ce zanen taron biki ne, amma da ƙyar ido ke iya tsamo siffar mutum guda cikakke daga cikinsa. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Za ta yi bayanin wurin da bikin da ake yi a cikinsa, da tarihin mai zanen, da yadda zanen yake a ido. Sannan za ta nuna cewa ɓacewar fuskokin mutane ita ce ainihin maganar da zanen yake yi game da daren birni bayan zuwan wutar lantarki. Daga ƙarshe za a dubi wasu hanyoyin da Hausa take da su na siffanta irin wannan zane, domin amfanin ɗalibai.

2.0 Coney Island da Bikin Mardi Gras

Bahaushe yakan ce dare mahutar bawa. Haka abin yake a yawancin biranen duniya har zuwa wajejen ƙarshen ƙarni na 19. Idan rana ta faɗi sai harkoki su ja baya, domin hasken fitilun gas da na kananzir bai wuce ya nuna wa mutum hanya ba. Wutar lantarki ce ta sauya wannan tsari. A shekarar 1882 Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta titin Pearl, wadda ta fara ba wani ɓangare na birnin New York wuta. Kimanin shekaru 20 bayan haka ƴan kasuwa suka gane cewa shi kansa hasken haja ne, wanda mutane za su biya kuɗi su zo kallo. Babu inda aka gwada wannan kasuwanci kamar Coney Island.

Manyan filayen wasa uku ne suka ɗaukaka sunan wurin. Na farko shi ne Steeplechase, wanda George Tilyou ya buɗe a 1897, inda mutane kan hau dawakan katako su yi sukuwa a kan dogon ƙarfe. Na biyu shi ne Luna Park, wanda Frederic Thompson da Elmer Dundy suka buɗe a watan Mayu na 1903. An cika shi da hasumiyoyi da ƙubbobi, aka bi gefen kowane gini aka jera ƙwayayen lantarki, waɗanda aka ce sun kai dubu 250 a shekarar farko. A tsakiyarsa akwai wata hasumiya mai tsawon kimanin mita 60. Na uku shi ne Dreamland, wanda aka buɗe a 1904, masu shi kuma suka yi shelar cewa fitilunsu sun kai miliyan ɗaya. Gobara ta cinye Dreamland ƙurmus a watan Mayu na 1911. Ke nan lokacin da Stella ya zo, Luna Park da Steeplechase ne suka rage.

Yawancin masu zuwa wurin talakawan birni ne: ma'aikatan masana'antu, da masu ɗinki, da masu jiran kanti, da baƙin da suka yi ƙaura daga Italiya da Jamus da Ailan da gabashin Turai. Da yawansu suna zaune ne a matsattsun gidajen haya waɗanda ba a kai musu wutar lantarki ba tukuna. Ga irin waɗannan mutane, santi 10 na shiga Luna Park kuɗin shiga wata duniya ne.

Shi kuwa Mardi Gras kalmar Faransanci ce mai ma'anar "Talata mai maiƙo". Asalinsa rana ce ta ci da sha da wasa da Kiristocin Katolika kan yi kafin su shiga azuminsu na kwana 40, kuma takan faɗo ne a watan Fabrairu ko Maris. Ƴan kasuwar Coney Island sun ari sunan kawai, suka kai bikin watan Satumba, lokacin da zafi ke ƙarewa, masu zuwa bakin teku suke raguwa. An fara shi a 1903, aka ci gaba da yi har 1954. Akan yi kwanaki ana jerin gwano da motocin ado a kan babban titin Surf, ana naɗa sarki da sarauniyar biki, ana kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, jama'a kuma suna watsa wa juna ƴan gutsattsarin takardu masu launi. Wannan biki ne Stella ya faɗa cikinsa.

3.0 Mai Zanen

An haifi Stella a shekarar 1877 a Muro Lucano, wani ƙaramin gari da ke kan tsauni a kudancin Italiya. Ya isa New York a 1896, ya bi sahun wansa wanda likita ne a can. Ya fara karatun likitanci amma bai daɗe ba ya bari, ya koma koyon zane, har ya yi karatu a hannun shahararren malamin zane William Merritt Chase.

Abin lura a nan shi ne irin aikin da Stella ya fara yin suna da shi. Gwani ne na zana fuska. Mujallu sun riƙa ɗaukarsa aiki don ya zano musu baƙin da ke sauka a tsibirin Ellis. Bayan fashewar da ta auku a ramin haƙar kwal na Monongah a watan Disamba na 1907, inda mutane fiye da 360 suka rasu, an tura shi ya zano halin da garin yake ciki. A 1908 kuma aka tura shi Pittsburgh, cibiyar narka ƙarfe, domin wani babban bincike a kan rayuwar ma'aikata. A waɗannan zane-zane na gawayi da fensir ana ganin mutum ɗaya-ɗaya: tsohon da wahala ta tamuke wa goshi, da saurayin da ke da kaushin hannu, da matar da ta ɗaure kai da gyale. Kowane yana da kamanninsa, har mai kallo ya ji kamar ya taɓa saninsa.

Wannan tarihi yana kawar da zaton da wasu kan yi cewa masu sabon salo sun fake da shi ne don ba su iya zana abu yadda yake ba. Mutumin da ya yi shekaru yana cin abinci da zanen fuska, idan ya zana taro bai sa fuska ba, da gangan ya yi.

4.0 Haɗuwarsa da Futurisma

A 1909 Stella ya koma Italiya, a 1911 kuma ya wuce Paris. A lokacin birnin yana tafasa da sababbin dabarun zane. Henri Matisse yana amfani da launuka masu ƙarfi waɗanda ba su bin launin abu na zahiri. Pablo Picasso da Georges Braque kuma suna farfasa siffar abu su nuna shi ta fuskoki da yawa a lokaci guda, salon da ake kira Kubisma. Amma abin da ya fi kama zuciyar Stella shi ne aikin ƴan ƙasarsa, masu salon Futurisma, wato masu ra'ayin fifita gobe a kan jiya.

Marubucin nan Filippo Tommaso Marinetti ne ya kafa wannan ƙungiya da wata sanarwa da ya buga a jaridar Le Figaro ta Paris ranar 20 ga Fabrairu, 1909. Ra'ayinsu shi ne fasaha ta daina bautar kayan tarihi, ta rungumi inji da gudu da ƙara da hasken lantarki. Masu zanen cikinsu sun ƙara da wasu ƙa'idoji biyu da suka shafi wannan nazari. Ta farko, abin da ke motsi ba shi da siffa guda tsayayya, don haka sai a zana motsin kansa. Ta biyu, kada a bar mai kallo a waje kamar mai leƙe ta taga, a jefa shi tsakiyar abin da ke faruwa.

A watan Fabrairu na 1912 Umberto Boccioni da Carlo Carrà da Luigi Russolo da Gino Severini suka baje kolin ayyukansu a gidan nunin Bernheim-Jeune a Paris. Stella ya ga wannan nuni, ya kuma san Severini, wanda ya nuna wani ƙaton zane na masu rawa a gidan rawar dare, an yayyanka su gunduwa-gunduwa cikin launuka. A ƙarshen shekarar Stella ya koma New York. A watan Fabrairu na 1913 aka buɗe babban nunin nan na Armory, inda aka jera ayyuka kimanin 1,300, wanda a nan ne yawancin Amurkawa suka fara ganin sabon salon Turai. Stella yana cikin waɗanda suka nuna aiki a wurin. Daga nan ya shiga neman wani abu na Amurka wanda ya dace da sabuwar dabarar da ya zo da ita. Bayan wata bakwai ya same shi a Coney Island. Ya kamata a sani cewa Stella bai taɓa zama ɗan ƙungiyar Futurisma a hukumance ba. Dabarunsu ya ɗauka, ya yi aikin gabansa da su.

5.0 Yadda Zanen Yake

An yi zanen da fentin mai a kan ƙyalle. Tsayinsa santimita 195.6, faɗinsa 215.3, wato ya fi tsawon yawancin mutane, faɗinsa kuma ya fi ƙarfin hannuwa biyu a buɗe. Wannan girma yana da aiki. Wanda ya matso kusa, zanen yakan cika masa ido ta kowane gefe, ya rasa inda zai tsaya ya kalli abin daga nesa. Kafin ya yi wannan babba, Stella ya yi ƙananan gwaje-gwaje da dama a kan jigon, akwai kuma wani mai siffar da'ira na 1914 a gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a New York.

Abu na farko da ido ke rasawa shi ne ƙasa da sama. A zanen gargajiyar Turai akan ja layin da sama ta haɗu da ƙasa, a sa abin da ke kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance, domin mai kallo ya san inda yake tsaye. Stella ya watsar da wannan dabara. Komai ya taso gaba ya cunkushe a fuskar ƙyallen, babu titi miƙaƙƙe da za a bi da ido.

Duk da haka zanen yana da tsari. A can sama, wajen tsakiya, akwai siffar hasumiya irin ta Luna Park, wadda ta zama kamar turken da komai ke kewayawa. Daga wajenta dogayen layukan haske suna fita a karkace, suna sassare juna, irin na manyan fitilun da ake harba haskensu sama. Daga wannan sassarewa ce sunan "yaƙi" ya fito, domin layukan sun yi kama da masu da takubba da aka gicciya. Tsakanin layukan akwai baka-baka da da'irori da ragar ƙarafa, waɗanda ke tuna wa mai kallo manyan lilo masu juyawa da dogon jiragen wasa masu hawa da gangara. Nan da can kuma guntayen haruffa suna leƙowa, ragowar allunan talla waɗanda ido ya kama rabi bai kama rabi ba.

Idan aka gangaro ƙasan zanen sai gutsattsarin su ƙara ƙanƙancewa, su ƙara cunkushewa, su riƙa murɗawa kamar ruwan da ke juyi. A nan taron yake. Wanda ya daɗe yana kallo zai fara ganin alamun masu rawa da masu turereniya: wani lanƙwasa mai kama da baya, wani mai kama da hannu, wani mai kama da gefen riga. Da zarar ido ya ce ya kama mutum guda, sai siffar ta narke cikin ta kusa da ita. Bugu da ƙari, an yayyafa ɗige-ɗigen launi a wurare da dama, waɗanda za a iya ɗauka a matsayin ƙwayayen lantarki, a kuma iya ɗaukarsu a matsayin takardun da ake watsawa.

Ta fuskar launi kuwa, akwai ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi da fari, an jera su gab da juna ba tare da an sassauta tsakaninsu ba, ga kuma duhu yana leƙowa ta bayansu. Wannan duhu shi ne abin da ya rage na dare. An ture shi baya, bai da sauran aiki sai ƙara wa fitilu ƙarfi.

Muhimmin abu a nan shi ne da irin gutsattsari guda aka gina inji da haske da mutum. Babu wata alama a aikin buroshi da ta bambanta jikin ɗan Adam da ƙarfen lilo. Daga baya Stella da kansa ya bayyana cewa abin da ya so ya isar shi ne yadda taro ke tunkuɗa, injuna suna juyawa, suna haifar da wani irin nishaɗi mai ƙarfi kuma mai haɗari.

6.0 Kwatanci da Wasu Zane-zane Biyu

Za a fi gane abin da Stella ya yi idan aka ajiye zanensa kusa da wasu biyu da suka gabace shi a kan jigo makamancin nasa.

A 1897 Camille Pissarro ya zana babban titin Montmartre na Paris da dare, zanen da yake a babban gidan adana zane-zane na ƙasa a Landan. Daga tagar ɗakin wani otal ya yi shi. Titin ya miƙe sosai zuwa nesa, fitilun kan titi sun jeru a tsakiya, hasken kantuna yana sheƙi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kekunan doki sun yi layi. Mutane ƴan ɗige-ɗige ne kawai, amma dalilin haka nisa ne. Mai kallo yana sama cikin natsuwa, birni yana ƙasa.

A 1907 John Sloan ya zana daren zaɓe a dandalin Herald na New York. Shi ya sauko cikin taron. Ana ganin mata da maza suna dariya, wasu suna busa ƙaho, jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa ta sama. Duk da hayaniyar, kowane mutum na gaba yana da fuska da tufafi da abin da yake yi, har ana iya ƙirƙira masa labari.

Ke nan Pissarro ya tsaya nesa ya rasa fuskoki saboda nisa, Sloan ya matso ya same su. Stella ya fi Sloan kutsawa ciki, amma ya sake rasa su. Dalili shi ne abin da ya zana ya wuce abin da ke gaban ido, ya haɗa da halin da idon kansa ya shiga: haske ya kashe shi, ƙara ta cika kunne, ana ture mutum ta ko'ina, ba ya iya tsayar da kallo a kan kowa. Shekaru 16 ne kacal tsakanin zanen Pissarro da na Stella.

7.0 Yabo ne ko Gargaɗi?

An fara nuna zanen a gidan nunin Montross a New York a watan Fabrairu na 1914. Ya ja hankali ƙwarai, wasu suka yi masa ba'a, wasu suka yaba, sunan Stella kuma ya fito. Tun daga lokacin masu nazari suke karanta shi ta hanyoyi biyu.

Masu karatu na farko suna ganin murna ce zalla. Hujjarsu ita ce launukan masu daɗi ne, kuma ga baƙon da ya yi wunin mako yana aiki a masana'anta, narkewa cikin taro hutu ne. A cikin wannan haske babu mai tambayar daga wace ƙasa mutum ya zo, ko wane harshe yake ji, ko nawa ne albashinsa. Rashin fuska a nan ƴanci ne na dare guda.

Masu karatu na biyu suna tsayawa a kan kalmar "yaƙi". Suna cewa fitilu ne ke sama, mutane suna ƙasa, injin da ke juya su kuma ba shi da bambanci sosai da wanda suka baro a wurin aiki. Wanda ya zana ma'aikatan Pittsburgh ya san abin da inji ke yi wa jikin mutum. Ba Stella kaɗai ya ji wannan ɗari-ɗari ba. Marubucin Rasha Maxim Gorky, wanda ya ziyarci Coney Island a 1906, ya rubuta cewa daga nesa wurin ya burge shi kamar birnin wuta, amma da ya shiga sai ya ga jama'a cikin gundura, ana sayar musu da nishaɗin da bai ƙosar da su. Har ila yau tarihi ya ƙara wa kalmar nauyi. Wata shida bayan nunin Montross Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ƴan Futurisma na Italiya, waɗanda tun a sanarwarsu ta 1909 suka yabi yaƙi, sun yi ta kiran ƙasarsu ta shiga, Boccioni kuma ya mutu a 1916 yana aikin soja, bayan ya faɗo daga kan doki.

Zanen bai yanke hukunci tsakanin karatun biyu ba, kuma rayuwar mai shi ta nuna cewa shi ma bai yanke ba. Ya ci gaba da zana New York, musamman gadar Brooklyn, wadda ya fara zanawa wajejen 1919 zuwa 1920, kuma a wannan zane babu mutum ko ɗaya, sai igiyoyin ƙarfe da haske. A daidai wannan lokaci kuma ya riƙa zana furanni da tsuntsaye da itatuwa masu tuna masa kudancin Italiya, inda ya yi ta komawa. Birnin yana jansa, yana kuma korarsa, har ya rasu a New York a 1946.

8.0 Siffanta Zanen da Hausa

Ga ɗalibin harshe, wannan zane fili ne mai kyau na gwaji, domin jera sunayen abubuwa ba ya isa a siffanta shi. Akwai kayan aiki uku da Hausa ta tanada.

Na farko shi ne amsa-kama. Launukan Stella ba su da sassauci, don haka "ja" da "fari" kawai ba su wadatar ba, sai an ce ja wur, fari fat, kore shar, baƙi ƙirin. Haka nan ga taro akwai cika maƙil da cika danƙam, ga haske kuma akwai wal-wal da ƙyal-ƙyal.

Na biyu shi ne ninka gaɓar farko ta aikatau don nuna yawan aiki ko yawan abin da aikin ya faɗa wa: fasa da farfasa, yanka da yayyanka, karya da kakkarya, watsa da warwatsa, sara da sassara. Wanda ya ce Stella ya fasa siffar hasumiya ya faɗi abu kaɗan. Wanda ya ce ya farfasa ta ya kusanci abin da ke kan ƙyallen.

Na uku, wanda ya fi dacewa da jigon wannan maƙala, shi ne wakilin sunan nan da ba ya fayyace mai aikatawa, wato a da an da ana da aka. Zanen Sloan yana karɓar jimloli irin su "tana dariya" ko "yana busa ƙaho", domin akwai wadda ke dariyar da wanda ke busar. Zanen Stella kuwa ba ya karɓar sai "ana rawa", "ana ihu", "ana turereniya". Aikin yana nan a fili, mai yin sa ya ɓace cikin jama'a. Ɗalibi zai iya gwada rubuta sakin layi guda a kan kowane zane, sannan ya ƙirga sau nawa ya yi amfani da "ya" ko "ta", sau nawa kuma ya koma ga "ana".

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi zanen "Yaƙin Fitilu" tun daga wurin da ya haife shi har zuwa yadda ake karanta shi. An ga cewa Coney Island wuri ne da aka mai da hasken lantarki abin sayarwa, kuma mai zanen gwanin fuska ne wanda ya ajiye wannan gwaninta da gangan bayan ya ga aikin ƴan Futurisma a Paris. An kuma ga cewa amsar tambayar da aka fara da ita ita ce mutanen suna nan a ƙasan zanen, sai dai an gina su da gutsattsari iri ɗaya da na fitilu da injuna, yadda ba a iya ware ɗaya daga cikinsu.

Zanen ya shiga tarin ƙungiyar Société Anonyme, wadda Katherine Dreier ta kafa a 1920 tare da Marcel Duchamp da Man Ray don yaɗa sabon salon zane a Amurka, aka kuma miƙa tarin ga Jami'ar Yale a 1941. Wurin da aka zana kuwa bai yi irin wannan ƙarko ba. Gobara ta ci yawancin Luna Park a 1944, aka daina bikin Mardi Gras bayan 1954, aka rufe Steeplechase a 1964. Filin wasan da aka buɗe a unguwar a 2010 da sunan Luna Park sunan kawai ya gada. Wanda yake son sanin yadda daren Satumba na 1913 ya kasance ga mutumin da ke tsakiyar taron, hotunan kyamara na lokacin za su nuna masa gine-gine da jerin fitilu, zanen Stella kuma zai nuna masa abin da fitilun suka yi wa idon mai kallonsu.